Kundin Gwajin Allurar Tirayamsinolon a Kan Laiken Filanus na Baki

14 ga Janairu

Tsarin gwajin ya kammala. Cutar da muke aiki a kanta ita ce laiken filanus na baki, wadda Erasmus Wilson ya fara bayyana irinta ta fata a 1869. Tana kama kusan mutum 1 cikin 100, galibi daga shekara 40 zuwa sama, mata sun fi maza. Garkuwar jiki ce ke juyawa kan mai ita: wasu fararen ƙwayoyin jini, nau'in T masu alamar CD8, suna taruwa a ƙarƙashin fatar baki suna kashe ƙwayoyin da ke layin ƙasa na fatar. Abin da ido ke gani shi ne fararen zane-zane masu sarƙe da juna a cikin kunci, waɗanda ake kira zanen Wickham, yawanci dama da hagu. Mai irin wannan kaɗai sau da yawa bai ma san yana da ita ba, kuma ba ya buƙatar magani. Wanda ya dame mu shi ne wanda fatarsa ta yi ja ta siranta, ko ta ɗaye ta zama gyambo. Wannan ba ya iya cin mai yaji ko mai tsami, goge haƙori azaba ne a gare shi, wani har ya rame.

Maganin farko da aka sani shi ne sitiroyid na shafawa, wato maganin kwantar da kumburi. Matsalarsa a bayyane take: baki wuri ne mai miyau, abin da aka shafa ba ya daɗewa. Tambayarmu ita ce, idan aka ajiye maganin a ƙarƙashin gyambon da allura, zai warke da wuri fiye da na shafawa, kuma zai jima bai dawo ba? Kashi na biyu na tambayar ya fi na farko nauyi a wurinmu.

Rukuni biyu ne, ƙuri'a ke raba su. Na ɗaya allurar tirayamsinolon asetonaid, wani nau'in sitiroyid, mai ƙarfin miligiram 20 a kowace mililita, sau ɗaya duk mako 2, iyakarta sau 3. Na biyu man kulobetasol, sitiroyid na shafawa, na kashi 0.05 cikin ɗari, sau 3 a rana tsawon mako 6. Za a bi kowa har wata 6.

An yi muhawara kan a yi wa mutum allura a kunci ɗaya a bar ɗayan don kwatance. Tsarin yana rage yawan mutanen da ake buƙata, amma ba mu ɗauke shi ba. Wani ɓangare na maganin yana shiga jini ya isa ɗaya kuncin, sannan mai ciwo ba ya iya rarrabe zugin dama da na hagu yayin tauna.

28 ga Janairu

Kwamitin ɗa'ar bincike ya amince, da sharaɗin a sauƙaƙa harshen takardar yarda. An gyara ta. Yanzu ta faɗa ƙarara cewa allurar ba ta raba mutum da cutar, tana kwantar da ita ne. Cewa wanda ya ƙi shiga ko ya fita a tsakiya za a ci gaba da kula da shi kamar kowa. Da kuma cewa ba likita ne ke zaɓar rukuni ba. Ambulan ɗin ƙuri'a masu kauri ne, an jera su da lamba, suna hannun wanda ba ya ganin marasa lafiya.

11 ga Fabrairu

Tantancewa ta fi cin lokaci fiye da yadda aka tsara, kuma haka ya kamata ta kasance. Cututtuka da dama suna shigar burtu da kamannin laiken filanus, idan suka shigo cikin gwaji za su ɓata sakamakon duka.

Muna bin ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1978 da gyaran da van der Meij da van der Waal suka yi masa a 2003: dole abin da ido ya gani da abin da madubin likita mai girmama ƙananan abubuwa ya nuna su yi daidai. Ga inda ake yawan zamewa. Tabo a gefe ɗaya kawai, manne da haƙorin da aka cike da baƙin ƙarfen amalgam, yawanci martanin fata ne ga ƙarfen; maganinsa a canza cikon. Tabon da ya ɓullo bayan an fara wani sabon magani, musamman na ciwon gaɓoɓi, wasu na hawan jini da wasu na zazzaɓin cizon sauro, shi ma daban ne, sai a koma wurin likitan da ya rubuta. Dasashin da ke saɓulewa yana iya zama femfigus ko femfigoyid, cututtukan ƙuraje masu ruwa.

Wurin yanko gutsuren fata don gwaji, ana ɗauka ne daga gefe mai farin zane, milimita 4 zuwa 5, ba daga tsakiyar gyambo ba. Tsakiyar gyambo ba ta da fatar sama, abin da ɗakin gwaji zai rubuto shi ne kumburi kawai, an yi wa mutum yanka a banza. Gutsure ɗaya yana shiga ruwan fomalin na kashi 10 cikin ɗari. Idan ana zargin cutar ƙuraje masu ruwa, gutsure na biyu yana shiga wani ruwan adanawa daban, ruwan Michel, domin fomalin yana lalata abin da ake nema a gwajin wannan cutar. Wanda ke shafa sitiroyid kafin ya zo sai ya dakata mako 2 kafin a yanka, in ba haka ba taron ƙwayoyin jinin da ake nema ya riga ya ragu.

Gwajin jini na kowa: matsakaicin suga na wata 3, ciwon hanta nau'in C saboda alaƙarsa da cutar, da gwajin ciki ga matan da ke iya ɗauka. Ba ma ɗaukar mai ciki, mai shayarwa, wanda matsakaicin sugansa ya haura kashi 8 cikin ɗari, mai hawan jinin ido, da duk wanda gwajin fatarsa ya nuna ƙwayoyin da suka fara sauya kama, masu iya kai wa ga sankara.

25 ga Fabrairu

Ma'auni. Girman tabo muna auna shi da matakan Thongprasom na 1992: 0 babu komai, 1 farin zane kawai, 2 da 3 ja mai siranta, ƙasa ko sama da murabba'in santimita 1, 4 da 5 gyambo, ƙasa ko sama da murabba'in santimita 1. Yana da sauƙi, amma yana da rauni: gyambon da ya ragu daga santimita 4 zuwa 2 yana nan a mataki na 5, alhali mai shi ya samu sauƙi sosai. Don haka muna ƙara tsawo da faɗi a milimita, da sandar awon dasashi mai zane.

Hoto kuwa sai an busar da wurin da auduga, domin ƙyallin miyau yana ɓoye ja. Nisa ɗaya, fitila ɗaya, sandar awo a cikin hoton. Kada a ja kunci da ƙarfi: fatar da aka miƙar tana yin fari, gyambon kuma ya ƙara faɗi. Likitoci biyu da ba su san rukunin kowa ba su ne ke ba hotuna maki.

Zugi: layi mai santimita 10, daga babu ciwo zuwa mafi tsananin da mutum zai iya tunani. Ana tambaya kafin a taɓa bakin, kuma game da lokacin cin abinci a makon da ya wuce. Wanda ke zaune kan kujera bai sa komai a baki ba zai ce lafiya lau, ko da jiya ya kasa gama abincin dare.

6 ga Maris

An fara allura. Ga yadda ake haɗa ta da yadda ake yin ta, dalla-dalla, domin kusan duk matsalar da ake ɗora wa maganin nan daga hannu take fitowa.

Tirayamsinolon asetonaid ba narkakke ba ne. Ƙananan ƙwayoyin gari ne a cikin ruwa, suna kwanciya kamar alli idan aka ajiye. Rashin narkewar nan shi ne amfaninsa, shi ke sa ya zauna a wurin makonni yana saki a hankali. Shi ne kuma tushen wahalarsa. Ana girgiza kwalbar har ta zama fara fat babu abin da ya rage a gindi. Kwalbar da ta taɓa daskarewa, ko wadda aka ga gudaji a cikinta bayan girgiza, a zubar.

Daga kwalba mai miligiram 40 a mililita ana jan mililita 0.5, a haɗa da mililita 0.5 na lidokain, maganin kashe zafi, na kashi 2 cikin ɗari. An samu mililita 1 mai miligiram 20. Lidokain ɗin ya zama marar adirenalin, domin adirenalin yana sa wurin ya yi fari har a kasa ganin inda magani ya kai. Ya kuma fito daga ƙaramar kwalbar da ake fasawa sau ɗaya. Manyan kwalaben da ake ja sau da yawa suna ɗauke da sinadarin adanawa na faraben, wanda kan sa garin ya dunƙule.

Sirinji na mililita 1 mai bakin murɗi, allura lamba 27. Lamba 30 ta fi siriri kuma zafinta bai kai na 27 ba, amma tana toshewa, idan aka matsa sai maganin ya fita gaba ɗaya wuri guda. Ana jan magani da babbar allura sannan a canza.

A goge wurin, a shafa maganin kashe zafi na minti 2. A shiga daga lafiyayyar fata, milimita 2 zuwa 3 daga bakin gyambon, tsinin allura yana kallon sama, a kwance kusan digiri 15 zuwa 30, a tura ta ƙarƙashin gyambon zurfin milimita 2 zuwa 3. A ja baya kaɗan a duba jini kafin a tura. Kada wannan garin ya shiga jijiyar jini ko kaɗan. Mililita 0.1 ga kowane murabba'in santimita, tazarar santimita 1 tsakanin huji da huji, kada jimla ta wuce mililita 1 a zama ɗaya. Alamar an dace da zurfi: wurin ya ɗan tashi a hankali, ba tare da farin garin ya bayyana ta cikin fata ba. A danne da auduga minti 2.

A kunci, a nemo bakin bututun miyau tukuna, wanda ke daura da turmin haƙori na biyu na sama, a ba shi tazara.

20 ga Maris

Abubuwa uku suka fito a zagayen farko.

Na ɗaya, kwanciyar gari a cikin sirinji. Idan aka haɗa aka ajiye a kan faranti ana jiran maganin kashe zafi da aka shafa ya kama, cikin 'yan mintuna garin ya koma gefe ɗaya. Huji na farko sai ya samu kusan ruwa zalla, na ƙarshe ya samu mai kauri, ko akasin haka, gwargwadon yadda aka riƙe sirinjin. Ƙa'ida yanzu: a shafa maganin kashe zafi tukuna, a haɗa allura a ƙarshe, a murza sirinjin tsakanin tafin hannu kafin kowane huji.

Na biyu, dasashi. Dasashin da ke manne da ƙashi ba shi da sako-sakon nama a ƙarƙashi, haka ma gaban ganɗa. Babu inda ruwa zai shiga, sai an matsa da ƙarfi, yana da zafi ƙwarai, kuma yawancinsa yana dawowa ta hujin. Mun nemi izinin kwamiti aka cire waɗannan wurare daga allura. Masu ciwon dasashi a kowane rukuni za su samu kulawa iri ɗaya: wankin haƙori a hankali, da man sitiroyid a cikin robar da aka ƙera daidai haƙoransu, kuma ba za a lissafa dasashi a babban sakamako ba.

Na uku, huda ta tsakiyar gyambo. Ƙasan gyambo ruɓaɓɓe ne, ba ya riƙe ruwa. Mai ciwo ya ce ya ji ɗaci a baki, to maganin ya zube ke nan, a rubuta hakan a fom.

3 ga Afrilu

An ƙi ɗaukar wani mai neman shiga saboda yana shan maganin ƙanjamau mai ɗauke da ritonabir. Ritonabir da makamancinsa kobisistat suna toshe sinadarin hanta da ke rushe tirayamsinolon. Allura ɗaya a jikin irin wannan mutum tana iya zama watanni, ta kumbura fuska, ta tayar da suga, ta kuma danne aikin halittar da ke saman ƙoda. Tambayar tana da layinta na kanta a fom, kuma ana yin ta a keɓe, domin ba kowa ke ambaton wannan magani a gaban ɗan rakiya ba.

Kada a raina adadin don an ce a baki kawai aka yi. Miligiram 4 na tirayamsinolon daidai yake da 5 na firednisolon, sitiroyid ɗin da ake sha, wato cikakken zama ɗaya ya kai kimanin miligiram 25, kuma ba ya fita a rana guda. Masu ciwon suga suna auna jininsu safe da yamma tsawon mako 1 bayan kowace allura. Hawan da muke gani yana zuwa ne a kwanakin farko ya sauka da kansa. Ana gaya wa mata tun farko cewa al'ada na iya rikicewa zagaye ɗaya ko biyu, fuska kuma na iya yin zafi kwana ɗaya ko biyu. Wadda ba a gaya wa ba takan tsorata ta daina zuwa.

24 ga Afrilu

Kandida, wato cutar fungos da kan tsiro a baki idan sitiroyid ya rage garkuwar wurin. Ta fi fitowa a rukunin shafawa, abin da ba mamaki tunda man yana bin bakin duka sau 3 a rana, amma ta fito a na allura ma. Haɗarinta ga gwaji shi ne tana kama da dawowar cutar: mutum yana samun sauƙi, kwatsam sai zugi ya dawo, bakin ya yi ja. Bambancin: farin kandida yana gogewa da auduga ya bar ja a ƙasa, zanen Wickham ba ya gogewa; zafinta kuma ya bazu har bayan harshe da kusurwar leɓe. Akwai irin da ba ta da fari ko kaɗan, ja ce zalla, sai an shafo an duba a madubin likita. Duk wanda zuginsa ya tashi, a duba kandida kafin a rubuta cewa magani ya gaza.

Magani: ruwan nistatin mai awo 100,000 a mililita, mililita 1 sau 4 a rana, a riƙe a baki kafin a haɗiye, kwana 7 zuwa 14. Kada a haɗa shi lokaci ɗaya da ruwan kurkure na kulohekzidin, suna kashe wa juna ƙarfi. Mikonazol da fulukonazol, wasu magungunan kandida, haramun ne ga mai shan wafarin, maganin hana jini daskarewa, sai da sanin likitansa, domin suna iya jawo zubar jini mai tsanani. Mai haƙoran roba ya cire su da dare ya wanke.

15 ga Mayu

Akwai gyambon da ke warkewa ko'ina sai layi ɗaya daidai inda haƙora ke haɗuwa. Wannan cutar tana iya fitowa a inda fata ta ji rauni, don haka tsinin haƙori da ya karye, ciko mai kaifi, ko cizon kunci cikin barci sun isa su hana wuri warkewa ko an zuba masa magani nawa. Yanzu ana shafa yatsa a kan haƙoran da ke kusa da kowane tabo tun ranar farko, a goge kaifin kafin a buɗe ambulan. Kowa ana ba shi buroshi mai laushi da man goge baki marar sinadarin kumfa, marar ɗanɗanon kirfa, domin kada bambancin man goge baki ya shiga lissafin magani.

An ga ɗan lotsawa a cikin kunci a wurin da aka maimaita huji ɗaya a zama biyu a jere. Sitiroyid yana sirantar da nama: idan ya yi sama da yawa fatar ta zama siririya mai sheƙi, idan ya yi zurfi ya kai kitsen kunci yana iya barin rami da ake gani daga waje. Yawanci yana cikowa cikin watanni. Yanzu ana zana kowane huji a taswirar baki, na gaba ya kauce aƙalla milimita 5. A leɓe, inda fata ke iya dushewa ta yi fari musamman ga mai duhun fata, an rage ƙarfin zuwa miligiram 10 a mililita, wato kashi 1 na magani da kashi 3 na lidokain.

12 ga Yuni

Waɗanda suka fara shiga sun riga sun gama mako 6 na magani. Ba a buɗe lissafin rukuni ba, kuma ba za a buɗe ba sai na ƙarshe ya cika wata 6. Masu yin allura suna cewa gyambo yana rufewa da sauri, wani tun kafin zama na biyu. Muna rubuta wannan a matsayin abin da suka gani, ba sakamako ba. Mutum yana zuwa asibiti ne a lokacin da ciwonsa ya kai ƙololuwa, cutar kuma dama tana hawa tana sauka, don haka da yawa za su samu sauƙi ko da ruwa aka tura musu. Allura kuma tana da kwarjini a zuciyar mai ciwo fiye da man shafawa, wannan yana taɓa makin zugi. Hotunan da aka ba maki a rufe su ne za su raba gardama.

Wani gyambo a gefen harshe bai motsa ba bayan allura 2, kuma gefensa ya yi tauri a ƙarƙashin yatsa. An dakatar da allura ta uku, an sake yanko gutsure daga wurin mai taurin, an sanar da kwamiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa laiken filanus na baki cikin cututtukan da ke iya rikiɗewa zuwa sankara. Abin yana faruwa ga kimanin 1 cikin 100, ya fi yawa a harshe, a irin mai ja da gyambo, da masu shan taba ko giya. Babban laifin da za a yi da wannan allura shi ne a yi ta kwantar da zafin wurin da ya kamata a yanka a duba. Ƙa'idarmu: duk gyambon da bai ragu ba mako 2 bayan allura ta biyu, ko ya yi tauri, ko ya tsiro, gwajin fata kafin komai.

3 ga Yuli

Sakamakon gutsuren harshen ya dawo ba sankara, amma mai shi ya fita daga allura ya koma duba kowane wata. Bayanansa suna nan a rukunin da ƙuri'a ta sa shi, kamar na duk wanda ya fita.

An shiga lokacin bibiya, inda ake fara rasa mutane, domin wanda bakinsa ya yi sauƙi ba ya ganin dalilin dawowa. Idan masu ciwo kaɗai suka dawo, lissafi zai nuna cutar ta fi dawowa fiye da gaskiya. Ana kiran kowa a waya kwana 2 kafin ranarsa, wanda ya kasa zuwa a karɓi makin zuginsa ta waya a sa masa wata rana cikin mako.

Ma'anar dawowar cuta, kamar yadda aka rubuta tun farko: sabon gyambo a wurin da ya rufe, ko hawan mataki 1 a ma'aunin Thongprasom tare da hawan zugi da santimita 2, bayan an kawar da kandida da rauni. Wanda ta dawo masa za a rubuta ranar, a ba shi kulobetasol, ba za a ƙara masa allura ta huɗu a cikin gwajin ba.

Aikin wannan wata: duban wata 3 ga waɗanda suka fara shiga, sake ba wa kashi ɗaya cikin biyar na hotuna maki don a ga ko likitocin biyu suna nan a kan ma'auni ɗaya, da auna kotisol, sinadarin da halittar saman ƙoda ke fitarwa, da safe, tsakanin ƙarfe 8 da 9, ga duk wanda ya karɓi cikakkiyar mililita 1 a zama uku.